Gadar Gishirin Malam Zailani

Litinin, 21 ga Afrilu, 1975, bayan azahar

Yau Firinsifal ya kira ni ofis, ya ce in riƙe wa 'yan aji biyar darasin kemistiri har Malam Zailani ya dawo. Haka ya ce, har ya dawo, yana kallon fankar sama. Na tuna masa ni malamin lissafi ne, rabona da kemistiri tun muna kwaleji a Zariya, kuma ko a can Zailani ne yake yi mini bayani. Ya ce ya sani, amma ba shi da kowa. Ba'indiyen da ke koyar da kimiyya ya tafi hutu ƙasarsu, ɗayan malamin kuwa ya ajiye alli tun da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka fito, ya sayi tifa yana jigilar yashi. Jarrabawar fita ta kusa. Ya miƙo mini makulli na biyu na ɗakin gwaji.

Bari in rubuta abin da aka sani, don a garin Daura kowa da irin nasa. Ranar Lahadin waccan Zailani ya hau sabon babur ɗinsa da hantsi, ya ce wa matarsa Shatu za shi kasuwar Mai'adua. Da la'asar wani direba ya ga babur ɗin a gindin gawo a bakin hanya, a tsaye bisa ƙafarsa, makulli a jiki, hula a rataye a madubi. Babu jini, babu alamar kokawa. Shi ke nan abin da aka sani.

Abokina ne tun muna yara. Ƙanwarsa Rahmatu nake aure.

Ban buɗe ɗakin ba yau.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Na buɗe. Zafi ya daki fuskata kamar na leƙa tanderu. Akwatunan kayan da ma'aikatar ilimi ta aiko suna jibge a kusurwa, mafi yawa ko ƙusa ba a cire musu ba. Farar rigarsa ta aiki tana rataye a bayan ƙofa.

A kan teburin gaba ya bar abu a haɗe. Kofunan gilashi biyu ne. Ɗaya da ruwa garau da sillen tutiya a ciki, ɗayan da ruwa shuɗi da sillen jan ƙarfe. Waya ta fito daga kowane ƙarfe ta shiga mita mai auna lantarki. A tsakaninsu akwai lanƙwasasshen bututun gilashi da aka kife, ƙafa ɗaya a wannan kofi, ƙafa ɗaya a wancan, an toshe bakunansa da auduga. A allo ya zana hoton abin, ya ja kibiya zuwa bututun, ya rubuta: gadar gishiri. Bai rubuta komai a ƙasa ba. A nan darasinsa ya tsaya.

Allurar mita tana tsaye a ɗaya da ɗan ɗoriya. Mutum ya tafi, abin da ya haɗa da hannunsa yana ta aiki a ɗaki rufe, ba mai kallo.

Na daɗe a tsaye. Ban taɓa komai ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Na ce wa yara su yi bitar abin da suka riga suka karanta. Babu wanda ya tambaye ni ina malaminsu. Da sun tambaya da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Mun je ofishin 'yan sanda, ni da kawun Zailani. Sun tambaya ko yana da abokin gaba, ko yana harkar fasa-ƙwauri ta kan iyaka, ko yana neman wata. Na ce a'a, a'a, a'a. Sai sajan ya tambaya ko akwai abin da ya same shi kwanan nan. Kawu ya dube ni, na dubi babur ɗin da suka jingine a tsakar ofis, ƙura ta fara rufe shi. Na ce kowa akwai abin da ke samunsa.

Rahmatu tana ta ajiye tuwo a kwanon da yake ci idan ya biyo ta gidanmu. Da safe ta ɗumama wa yara, da yamma ta sake zubawa.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na zauna da littafinsa na karanta, don kar in tsaya gaban yara in yi ta kame-kame. Ga abin da na fahimta, in Allah ya sa na fahimta daidai.

Tutiya tana narkewa a hankali cikin ruwanta. Duk ƙwayar da ta narke sai ta bar lantarkinta a jikin ƙarfen, shi ne yake bin waya ya ratsa mita ya je wa jan ƙarfe. A can kuma shuɗin ruwan yana karɓar lantarkin nan ya manne a jikin ƙarfe. To amma haka kofin tutiya zai cika da caji iri ɗaya, kofin shuɗi ya cika da kishiyarsa, nan take abin ya cije, ba gaba ba baya. Bututun nan cike yake da ruwan gishiri. Ƙwayoyin gishiri iri biyu ne, sai masu wannan caji su gangara kofin da ke buƙatarsu, masu wancan su gangara ɗayan. Kowane kofi ya daidaita, lantarki ya ci gaba da tafiya. Kuma duk da haka ruwan biyu ba su gauraya ba.

Na so in gani da idona. Na ɗaga bututun. Allura ta faɗi sifiri kamar an yanke mata jijiya. Na mayar da sauri har na zubar da ɗan ruwa a teburi. Ta tashi ta koma inda take.

Ba zan sake ɗagawa ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Na je kasuwar Mai'adua. Na bi kara wajen masu shanu, na bi 'yan hatsi, na bi masu shayi da hotonsa na ranar da muka gama kwaleji. Mutane suna riƙe hoton su daɗe suna kallo, don tausayi, sannan su mayar mini.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Allura tana nan.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Na yi wa yara darasin. Ban yi amfani da nasa ba, na haɗa wani a gefe da sababbin kofuna daga akwati. Wani a baya ya ɗaga hannu ya ce me zai hana a juye ruwan biyu a kofi ɗaya a huta da gada. Na ce mu gwada. Muka juye, muka tsoma tutiya. Kafin a buga ƙararrawa ta yi baƙi-baƙi, jan ƙarfe ya lulluɓe ta kamar tsatsa, kofin ya ɗan yi ɗumi, mita kuwa ko motsi. Na ce musu kun gani, in suka haɗu kai tsaye, aikin a cikin kofi yake ƙarewa, ba abin da zai bi waya. Dole a raba su, dole kuma a bar musu hanya.

Suka rubuta. Da suka fita na ga ba wanda ya bi ta kusa da teburin gaba. Zagaye shi suke yi.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan sallar asuba

Surukata Inna Maiturare ta aiko tun jiya in zo da sassafe. A gidan Zailani take zaune. Wani malami ya ba ta kiranye, ya ce sai namiji na gida ya riƙe tulun. Na tsuguna a tsakar gida na riƙe, kaina a ƙasa. Shatu tana bakin ƙofar ɗakinta a lulluɓe.

Zailani ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. Yaron nan take cewa, ko wannan. Yau ta durƙusa, ta sa bakinta a bakin tulu, ta yi shiru har na zaci ta fasa. Sannan ta kira.

"Zailani. Zailani, ka zo gida."

Tulun ya yi rawa a hannuna. Muryar ta dawo daga ciki da kauri, kamar ba tata ba. Ta tashi ta shige ɗaki ba ta dubi kowa ba.

Har yanzu tafin hannuna yana jin rawar.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Allura ta sauka ƙwarai. Na shiga da safe na ganta tana lilo kusa da sifiri. Na rufe ƙofa don kar yara su gan ni. Na duba waya, lafiya. Na duba ƙarafa, lafiya. Sai da na durƙusa na hangi bututun ta hasken taga na ga kumfar iska ta taru a can ƙololuwar lanƙwasa, ta kusa raba ruwan gida biyu. Zafin nan ne, ruwa yana ƙafewa.

Na nemo kwalbar gishirinsa a kabad, na dama, na cire bututun na cika shi har baki, na sa sabuwar auduga. Duk lokacin da nake yi allura tana kwance, ni kuwa ina cewa yanzu, yanzu, ka yi haƙuri. Wa nake ba haƙuri? Na kife. Ta tashi.

Ni malamin lissafi ne. Na san mita ba ta san kowa ba. Na sani.

Na ƙara wa kofunan ruwa.

Laraba, 7 ga Mayu, da la'asar

An aiko daga Sandamu, an ciro mutum daga tsohuwar rijiya. Ban gaya wa Rahmatu ba, na ce mata taron malamai za ni. A hanya manyan motocin siminti suna ta wuce mu kamar za su tura mu rami. Direba yana ta labarin gidan bene da zai gina.

Ba shi ba ne. Dattijo ne, gajere, da furfura.

Na ce alhamdu lillahi a fili, a gaban gawar bawan Allah. Wata mata da ke tsugune a gefe ta ɗago ta dube ni. Ina jin 'yarsa ce.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Allura tana nan. Na kasa cin abinci.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan azahar

Tun kwanaki nake ganin layin tururuwa a bangon bayan ƙofa, ban kula ba. Yau na bi su da ido. Aljihun farar rigarsa suke shiga. Na sa hannu. Ƙunshin alewa ne a takardar wani kanti na Sabon Garin Zariya, ta narke ta manne da aljihun, ba ta ɓamɓaruwa.

A watan Maris ya je Zariya karɓo akwatunan nan. Murna yake ta yi, ya ce a ƙarshe yara za su taɓa abin da suke haddacewa. Da zai tafi zazzaɓi ne kawai a jikin 'yarsa, da ɗan jan ido. Inna ta ce ya tafi, ba komai. Aka riƙe shi can wajen sa hannu a takardu. Ba mu da hanyar samunsa. Ƙyanda ta yi wa unguwar shara a makon nan, gida-gida.

Ranar da ya dawo, motar makaranta ta sauke shi da kayan a nan, ya sa rigar aiki ya fara buɗe akwati. A nan na same shi. Ni aka aiko in gaya masa yarinyar ta rasu.

Na bar wa tururuwa alewarsu.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Ban je Mai'adua ba yau. Na kwanta, na ce kaina ke ciwo.

Talata, 13 ga Mayu, bayan magariba

Yayyen Shatu sun zo daga Zango za su tafi da ita. Aka kira ni zaure, aka kira liman. Suka tambaya matsayinta, matar aure ce ko mai takaba. Liman ya ce ba a yi wa wanda ba a ga gawarsa ba takaba, matar wanda ya ɓata jira take yi, in ta kai ƙara ga alƙali ma shekara huɗu ce. Babban yayanta ya ce yarinya ƙarama ba za ta tsufa tana gadin ɗaki ba, ta zo gida ta yi jiran a can.

Shatu ta yi magana daga bayan ƙyaure. Ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban maza ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Yaya, Malam ya dawo sau ɗaya ya tarar ba kowa. Ba zai dawo na biyu ya tarar haka ba."

Suka sha ruwa suka tafi.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Jiya da zan tashi na ga sabuwar kumfa, ƙarama, na ce sai gobe na gyara. Yau babu ita. Bututun cike yake taf. Na tambayi maigadi ko wani ya shiga, ya ce wa zai shiga, makulli ɗaya yana hannuna, ɗayan kuwa yana wajen Malam Zailani.

Wataƙila sanyin asuba ne. Wataƙila ni na cika na manta, kwanakin nan ina ajiye abu in rasa inda na sa. Na zauna a kujerarsa na jira har aka buga ƙararrawa, ban san me nake jira ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Na ga ƙeyarsa a sahun gabana. Har yadda yake karkata kai. Ban san me liman ya karanta ba. Da aka sallame mutumin ya juyo, yana da tsage.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan azahar

Shuɗin ruwan ya fara kodewa. Tutiyar ta yi rami-rami, ta sirance a ƙasa. Jan ƙarfen ya yi kauri. Littafi ya ce haka zai faru: gada ba ta ƙara wa abin komai, hanya kawai take buɗewa, kuma muddin hanya tana buɗe tutiya cinyewa take yi. Ashe duk cikawar da nake yi, taya ta ƙarewa nake yi. Da na bar kumfar ta raba ruwan, da tutiyar tana nan yadda ya bar ta.

Na yi tunanin cire waya. Na kasa.

Gishirin kabad ya kusa ƙarewa. Na ɗebo na miya a kicin, na gwada a nawa haɗin, ya yi aiki. Rahmatu ta ga ina ƙulle gishiri a takarda, ta tambaye ni ko wani malamin ne ya ce a kawo. Na ce e.

Laraba, 21 ga Mayu, da la'asar

Ruwan farko. Yara sun fito fili suna ihu. Na tsaya a tagar ɗakin gwaji ina tunanin bai fita da komai ba sai rigar jikinsa.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan magariba

Rahmatu ta yi mafarkin yarinyar. Tana ba ni labari ta kama sunanta, ta toshe baki. Tun Maris ba a faɗi sunan nan a gidajenmu ba. Shatu da ma ba ta faɗa, 'yar fari ce. Zailani kuwa ya daina. Bai yi kuka ba, bai tambayi komai ba, ko da yaushe, ko a hannun wa. Ya karɓi gaisuwa, ya koma aiki, ya sayi babur. Muka ce ya yi tawakkali. Har yabonsa muka yi.

Zinariya. Na rubuta. Shekararta uku, tana kirana Kawu Lissafi.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan azahar

Yara sun rubuta takardar kemistiri. Sun ce gadar gishiri ta fito, a zana a faɗi amfaninta. Sun zo suna yi mini godiya. Na ce ba ni za su gode wa ba.

Talata, 27 ga Mayu, da hantsi

Allura tana nan, ta ɗan sunkuya. Ba sauran dalilin shiga ɗakin. Na shiga.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Wani dillalin shanu, Mainasara, ya yi sallama da ni. Yana cikin waɗanda na nuna wa hoto a kara. Ya ce ba ya so ya ɗaga mana hankali a banza, amma a wata ruga bayan Matamai, cikin Nijar, akwai wani mutum da ke taya Fulani jan ruwa a rijiya. Ba ya magana sai gaisuwa. Suna ba shi fura, yana kwana a gindin bishiya. Hannunsa ba na mai jan guga ba ne, in ji shi, kuma ya ga agogo a hannunsa wanda ya tsaya.

Na ce kar ya gaya wa kowa. Na je Sandamu sau ɗaya, ba zan ɗauki Inna in sauke ta ba.

Gobe da asuba.

Laraba, 4 ga Yuni, bayan azahar

Shi ne.

Alhamis, 5 ga Yuni, da hantsi

Jiya hannuna bai iya rubutu ba. Mun tsallaka iyaka ta Kwangwalam, Mainasara ya yi wa jandarmomi bayani, muka sami motar kasuwa, sauran muka taka da ƙafa. Da rana tsaka muka isa rijiyar. Shanu sun kewaye kwamin shan ruwa. Mutumin ya ba mu baya, yana jan igiya. A wannan karon ban yarda da ƙeya ba, sai da na zagaya gabansa.

Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Gemu ya cika masa fuska. Tafin hannunsa duk ya tsattsage. Ya gama jawo gugan, ya juye a kwami, sannan ya dube ni.

"Maharazu. Ka zo."

"Na zo."

Muka zauna a inuwa. Na shirya maganganu tun daga Daura, duk suka gudu. Na tambaye shi abin da ya faru. Ya daɗe yana kallon shanu.

"Na sauka in yi salla ne," in ji shi. "Da na sallame sai na ga hanya."

Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba. Na ce Inna tana kiransa, Shatu tana nan ba ta je ko'ina ba. Ya sunkuyar da kai. Na ce ya tashi mu tafi. Ya ce bari ya gama ba shanun nan ruwa. Muka jira har ya gama. Ardon rugar ya raka mu bakin hanya, ya ce mutumin kirki ne, ba su taɓa tambayarsa daga ina yake ba, sun ga dai wanda aka yi wa rashi.

Da muka shigo Daura ya rufe ido.

A ƙofar gidansa ya tsaya. Ya shiga zaure, ya kai bakin ƙofar ciki, ƙafarsa ta ƙi. Daga nan ana hango tsakar gida, da gindin ɗan lemon da take wasa. Inna ta fito ba mayafi, ta kama fuskarsa da hannu biyu. Shatu ta leƙo ta gan shi, ta koma. Can sai ga ta da tabarma da matashi da buta. Ta shimfiɗa masa a zauren, ta durƙusa ta ce sannu da zuwa, kamar daga makaranta ya dawo.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan azahar

Na je makaranta in gaya wa Firinsifal. Na leƙa ɗakin gwaji. Bututun ya ƙafe, gishiri ya yi fari a audugar, allura tana kwance a sifiri. Ban san ranar da ta kwanta ba. Na wanke kofunan na kife su, na share allo.

Gari ya cika da bayani. Wasu sun ce iska ce ta ɗauke shi, wasu sun ce kiranyen Inna ne ya kama. Ana ta zuwa barka, yana amsawa da kai. Har yanzu a zaure yake kwana. Shatu tana kawo abinci ta zauna daga bakin ƙofa har ya ci.

Litinin, 9 ga Yuni, bayan la'asar

Da hantsi na je gaishe shi. Mutane sun ragu. Yana zaune ya jingina da bango. Ban gama zama ba ya ce, "Kai ka ɗauke ta?"

Na ce ni ne.

"Kai ka sa ta?"

Na ce ni da liman.

Ya jawo takalmansa. "Ka nuna mini."

Muka tafi maƙabarta a ƙafa, ta bayan gari, yana tafiya a hankali kamar mai koyo. A hanya ina ta lissafi a zuci: daga ƙofa a yi dama, kusa da wata 'yar aduwa. Na tabbata na sani.

Da muka shiga na ga abin da ban yi zato ba. A watan nan na ƙyanda an jera ƙananan kaburbura a gefen nan, layi bayan layi, duk tsawonsu ɗaya. Ruwan da aka yi ya kwantar da su, ya kwashe itatuwan da aka kafa, ciyawa ta tsiro ta rufe. 'Yar aduwar ma ba ɗaya ba ce, uku ne. Na bi layi na dawo. Na sake bi. Yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.

Na juya zan gaya masa gaskiya. Na ga fuskarsa. Tun Maris ban ga ya jira wani abu haka ba.

Na nuna masa ɗaya, na kusa da aduwar tsakiya.

Ya tsuguna. Ya fara cire ciyawar da tsagaggun hannuwansa, ɗaya bayan ɗaya, ya tattara ƙasar da ruwa ya zaizaye ya mayar, ya daddaɓe. Sai ya kira sunanta, a hankali, ya ce Baba ne, ya dawo daga Zariya. Daga nan kukan ya zo. Na koma nesa na ba shi baya.

Ban sani ba ko nata ne. Ina jin nata ne. In ba nata ba ne, na 'yar wani ne da ta tafi a makon, ita ma tana da uba. Allah ya sani, ya kuma san inda addu'a za ta je.

Da ya gama ya share fuska da hannun riga, muka dawo. Bai tsaya a zaure ba. Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga cikin gida. Na ji Shatu ta amsa.

Ya ce gobe in zo mu koma, zai kai dutse ya sa alama.